Makullin 'Yar Akwati

Jiya da la'asar ina tsakar gida ina tsame ƙuli-ƙuli daga mai, hadari ya haɗo ta gabas, sai ga 'yar maƙwabtanmu ta faɗo da waya a hannu, ko sallamar kirki babu. Wai, "Inna, a ɗosana mini hosfot mana, datata ta ƙare." Haka suke yanzu. Yadda aka riƙa aiken mu maƙwabta ɗebo wuta a kasko muna yara, haka su ma suke bin gida-gida ɗibar sabis, wanda ya saya ya buɗe, na kusa da shi su sha. Na nuna mata ɗakin surukata da baki, na ci gaba da aikina. To amma iskar da ta biyo ta, mai sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga masarar bayan gida ta yi gemu tana kaɗawa, sai ta mayar da ni baya. Irin wannan iska ce da irin wannan masara a daminar da aka ɗauke mana sabis.

Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Kafur, in ka hau tudu kana hango duwatsun wajen Gozaki. A shekarar ruwa bai yi mana rowa ba. Shuka ɗaya aka yi ta kama, waken suya ya rufe ƙasa, auduga ta yi shar, masara ta haura kan mutum tun kafin a ankara. Kwanciyar hankali ce babu. 'Yan bindiga sun matso, yau a ce sun kore shanu a can, gobe a ce sun ɗauki mutum a gona a nan. Da, in masara ta fi ka tsawo hamdala kake yi. A daminar nan kuwa kallonta kake kana tunanin wa ke tsugune a ciki. Maza ba sa fita sai rana ta ɗaga, kuma ba mai zuwa gonarsa shi kaɗai. Gayya aka koma, amma gayya ba kiɗa ba waƙa, a ɗora mutum ɗaya kan bishiyar ɗorawa yana duban hanya, saura su duƙa. Kafin la'asar kowa ya dawo. Da magariba a shigar da awaki ɗaki a tokare ƙofa da turmi. Gonakin nesa kuwa aka bar wa ciyawa da birai.

Sai dokoki suka fara sauka. Aka rufe kasuwar dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita hawan babur. Rannan muka wayi gari wayoyi duk sun kurumce. Na ɗauka tawa ce ta lalace, 'yar ƙaramar nan mai tocila, har na bubbuga ta a cinya. Can aka zo da bayani cewa datse sabis aka yi gaba ɗaya, daga Funtua har Malumfashi, don a toshe bakin infoma, masu tsegunta wa ɓarayin daji inda dukiya take da inda sojoji suka nufa. Ban ce ba su da hujja ba. Amma wanda ya yanke wannan shawara, na tabbata 'ya'yansa suna gabansa a ranar.

Nawa ba ya gida. Ɗana na fari nake nufi. Ba na kama sunansa, haka na tarar ana yi kuma haka na yi. "Yaron nan" nake cewa, kowa a gidan ya san wanda ake nufi. Direban motar kaya ne, yana ɗauko wa wani Alhaji na Funtua hatsi daga wajen Dandume. Matarsa Rabi tana wurinmu da tsohon ciki, na fari. 'Yar cikin garin Funtua ce, ta yi boko, tana da babbar waya irin wadda ake shafawa. Farkon zuwanta na ɗauka ba za mu shirya ba, don ni ba na son mace mai yawan "ai ba haka ake yi ba". Amma na same ta da kunya. Ita ma ba ta taɓa kama sunan mijinta a gabana ba, "shi" kawai take cewa.

Ba a daɗe da ɗauke sabis ba wani mai tallan gishiri ya shigo gari da labari, wai an tare motar hatsi a hanyar Dandume, an tafi da direba. Washegari wata da ta dawo ta'aziyya daga Bakori ta ce a'a, harbe direban aka yi, karen motar aka tafi da shi. Wani ya rantse motar ja ce, wani ya ce shuɗiya. Ta yaron nan shuɗiya ce da aka sauya wa ƙofa ja. Kowa ya shigo sai ya zauna ya sha ruwa, ya sauke mana nasa labarin, ya ce Allah shi kyauta, ya tafi ya bar mu da shi. Ban san mutane suna da baki haka ba sai da waya ta mutu.

Rabi ce ta ce, "Inna, in yana da rai zai turo saƙon murya. Ya san kira ba ya shiga. Kira in bai samu mutum ba shi ke nan ya mutu, amma saƙo tsayawa yake a hanya ya jira. Duk ran da wayata ta samu data sai ya faɗo."

Kafur ba a ɗauke musu sabis ba. Don haka Malam, maigidana, ya sa wayar Rabi a aljihu ya tafi can aka duba masa. Babu saƙo. A hanyar dawowa 'yan sa-kai suka tsayar da shi a shinge, suka lalubo wayar, suka ce tsoho kamarsa me zai yi da irin wannan, wa yake ɗaukar wa hoto. Suka zaunar da shi a rana, har sai da wani da ya taɓa karatu a zaurensa ya shaida shi. Ya dawo ya ajiye wayar a kan tabarma, ya ce, "Kada wanda ya sake fita da abin nan daga gidan nan." Da gari ya waye ya wuce Funtua wurin ƙanensa, yana bin tasha da asibitoci. Aka bar mu mu biyu, ni da mai ciki.

Tsakiyar damina dama lokacin ƙarewar rumbu ne. Dawa ta koma gindi, sai an shiga da tsintsiya. Injin niƙa ya tsaya don babu mai, muka kakkaɓe dutsen niƙan da na jingine tun zuwan inji garin. Da safe koko tsararo, da rana kwaɗon rama ko na tafasa, da yamma tuwo in ya samu. Ga awaki a turke, ba kasuwar kai su. Itace jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika madafa har ido ya yi ja, wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, komai na ɗaki warin sanyi yake. Ƙafafun Rabi suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Duk da haka kullum sai ta jona wayar nan a 'yar solar da ke kan rufinmu, ta goge ta da gefen zane, ta zauna tana kallon fuskarta. In na ce ta ci abinci ta ce ta ƙoshi. Ni kuma sai in hau ta da faɗa, don in ban yi faɗa ba kuka zan yi, kuma uwa ba ta zama tana kukan ɗan fari a gaban surukarta.

Bayan gonarmu ta kusa akwai wani falalen dutse mai tudu, inda muke shanya barkono da kaka. Rabi ta faki idona ta je can da wayar. Ta dawo tana haki, ta ce sabis ɗin Kafur yana leƙowa, sanda ɗaya, ya fito ya koma, bai isa ya jawo komai ba.

"Amma Inna, akwai wata 'yar akwati, kamar sabulu take. Ana sa mata layi da data, ita ta kamo sabis ta raba wa wayoyin da ke kusa da ita. Shi ne hosfot. In aka ɗaura ta a kan gora aka ɗaga sama, za ta kamo abin da waya ba ta iya kamowa."

Na ce, "Ke ba ki ji abin da aka yi wa mutumin ƙauyen gaba ba? An gan shi kan kuka da waya, aka ce infoma ne. Har yau ba ya miƙewa."

"Na ji, Inna." Ta ɗora hannu a kan cikinta. "Ni dai so nake in sani, ko maraya zan haifa."

Na ce ta rufe mini baki. Amma da maganar na kwana, da ita na tashi.

Buhun waken suya ɗaya ya rage mini, na bara, wanda na ɓoye saboda ranar suna. Na kira mai awon garinmu, ya yi masa tayin wulaƙanci, don ya san ba ni da inda zan kai. Na sallama. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi. Na ƙulle kuɗin a bakin zane, na cika ƙwarya da ƙuli-ƙuli kamar mai zuwa talla, na bar wayar a gida, na hau motar Kafur. Waya kowa ya san ta, amma ba wanda zai tsare tsohuwa a kan sabulu.

Ban taɓa ganin Kafur haka ba. Mutane daga ko'ina sun cika gari, ba saye ba sayarwa, kowa waya a kunne. Gindin kowace bishiya mutum ne tsaye yana ihu, "Kana ji na? Lafiya lau muke!" Wata na kuka, wani na dariya. Na kutsa har shagon Mansur mai waya, abokin yaron nan ne tun suna makaranta. Da ya gan ni ya miƙe ya jawo mini benci. Ya kira lambar abokinsa a gabana, wata mace ta amsa da Turanci ta ce a kashe take. Ya sake, ta sake faɗa. Na ce ya bari haka nan.

Ya ɗauko 'yar akwatin. Gaskiyar Rabi, sabulu sak. Ya buɗe bayanta ya sa layi, ya zuba mata data ta wata guda. Na ce ashe ita ma ci take yi. Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Inna, kuma in ta cinye sai an ƙara." Haka waken nan ya tafi, na mota kaɗai ya rage. Ya nuna mini inda ake dannawa, da 'yar fitilar da ke goshinta: in ja ce ba ta samu ba, in koriya ce ta kama. Ya ja mini kunne cewa muddin tana kunne, duk mai babbar waya da ke kusa zai ga alamarta a wayarsa, don haka da mun gama a kashe.

"Saura fasuwod," in ji shi. "Makulli ke nan. Kalma ce da za a rubuta a waya kafin ta buɗe. Wanda ta zo da shi samari sun iya shi, shanye miki data za su yi. Bari in canza in rubuta miki a takarda."

Na ce, "Rufa mini asiri. In bi ta shinge da rubutun boko a jikina? A ce saƙon wa na ɗauko?"

Ya yi dariya. "To bari in sa abin da ba za ki taɓa mantawa ba." Ya yi 'yan danne-dannensa, ya ɗago, sai ya faɗi sunan yaron nan, gajeren, yadda su abokan ƙuruciyarsa suke yanke shi. "Sau biyu a jere, Inna, a haɗe, ƙananan baƙaƙe. Ɗaya ya yi gajarta, ba ta karɓa."

Shi a ganinsa gata ya yi mini. Yaran yanzu! Na buɗe baki in ce ya canza, sai na ga shagon cike da maza, kuma in na yi magana sai na yi bayani. Na gyara mayafi na ce Allah shi yi albarka.

Na tura 'yar akwatin ƙarƙashin ƙuli-ƙuli. A shinge aka sauke mu duka. Wani ɗan sa-kai mai jajayen idanu, da bindigar toka a kafaɗa da layu har wuya, ya ce in sauke ƙwarya. Ya zura hannu ya damƙa, ya sake zurawa. Ina kallon yatsunsa suna nutsewa. Na ce, "Ɗiba da yawa, ɗana, ka kai wa 'yan'uwanka." Na ɗebo da kaina na cika masa aljihu don kada ya ƙara tonawa. Ya ce, "Allah shi kai ki lafiya, Inna." Sai da mota ta tashi na gane rigata ta jiƙe sharkaf da gumi.

Rabi ta karɓe ta hannu biyu, ta jona ta a sola. Ta so ta kunna a ɗaki ta gwada, na hana, don gidajenmu a manne suke kuma ban san wayar wa za ta nuna ba. Ta ce to mene ne makullin. Na ce in mun je ta ji. Na yini ina saƙa da warwara, ina neman hanyar da zan kewaye.

Washegari rana ba ta fito sosai ba, cajin bai wani shiga ba. Bayan azahar, lokacin da maza suka fara komawa gida, muka fita. Na zaro gora daga rumfar awaki, muka sa 'yar akwatin a leda muka ɗaure a kanta da tsumma, na riƙe ta a kwance. Muka bi ta cikin masara. Ganye yana yankar fuska, taɓo yana riƙe ƙafa, Rabi tana tafe tana tsayawa tana cije leɓe. Duk motsin da na ji sai in ce mutum ne. Ko kurciya ce ta tashi sai mun tsaya cak.

A kan dutsen iska ta fi ƙarfi, gabas ta yi baƙi ƙirin. Na danna, na ɗaga gorar, na kafa gindinta a wani tsagi na rungume ta. Sai a lokacin na ga abin da muka yi. Ga mu a fili, sama da duk masarar ƙasar, da sanda tsaye da farar leda tana kaɗawa. Makaho ne kaɗai ba zai hango mu ba.

Saboda duhun hadari ana ganin fitilar ta cikin ledar. Ja. Na juya gorar. Ja. Na cire ta daga tsagin na matsa gaba, na ɗaga har kafaɗuna suka yi ƙara. Sai ta ƙyafta ta koma koriya.

"Ta kama! Inna, ga alamarta nan. Makullin!"

Na ce, "Sunan yaron nan ne. Sau biyu, a haɗe, ƙananan baƙaƙe."

Ta kalle ni, ta sunkuyar da kai ta rubuta. Wayar ta yi ta juyi, ta ƙi. Ta sake, ta ƙi.

Sunan babban sahabi aka raɗa masa, halifa na farko, kuma kowa ya san sunan nan kowane baki da yadda yake lanƙwasa shi. Na takardun makaranta daban, na tasha daban, wanda kakarsa take tsokanarsa da shi daban.

"Inna, na sa cikakken, na sa wanda direbobi ke kiransa. Wanne ne?"

"Gajeren."

"Gajerun ai suna da yawa!"

"Na ƙuruciya. Ke ba mijinki ba ne?"

Sai muka ji babura. Daga yamma, ta burtali, kuma ba ɗaya ba ne. A lokacin da aka taƙaita hawa, mutum iri biyu ne ke gudu da babur a daji: ɓarayi da masu neman ɓarayi. Ko wanne ya same mu da gorar nan kashinmu ya bushe. Fitilar kuma ta fara ƙyafƙyaftawa, Rabi ta ce caji ne zai ƙare.

Yarinyar nan da ko "mijina" ba ta iya faɗa a gabana, sai ta ɗago ido cike da hawaye ta shiga jero su da ƙarfi. Bakinta nake faɗa, ba nawa ba. "Abubakar ne? Garba ne? Abu? Bukar? Inna, don girman Allah! Sadiku ne?"

Ina ta girgiza kai. Ba taurin kai ba ne, kuma a lokacin ba ma kunya ba ce, tsoro ne. Uwata sau ɗaya tak na ji ta kama sunan yayanmu, ɗanta na fari, ranar da aka tsamo shi daga kogi aka shigo da shi cikin tabarma, ta faɗi a kansa tana kiransa. Tun daga ranar na sa a raina cewa in uwa ta kira sunan nan, to an gama. Gani nake muddin ban faɗa ba yana nan da ransa a wani wuri, in kuwa na faɗa ni na rufe shi da bakina.

Ƙarar baburan ta ƙaru. Ɗigon farko ya faɗo mini a goshi. Rabi ta durƙusa a kan dutsen, ta dafe mara da hannu ɗaya, ta ce a hankali, "Inna, gobe ba zan iya hawowa nan ba. Tun safe yake juya mini, ban dai faɗa ba."

Na rufe ido. Niyyata in raɗa mata ne, amma abin da aka danne shekara da shekaru ba ya fita a hankali. Ji na yi na ƙwala shi cikin iska, kamar yana bayan gari yana wasa ina kiransa cin tuwo.

"Habu! Habu!"

Dutsen ya amsa. Gorar ce ta riƙe ni ba ni na riƙe ta ba.

Rabi ta rubuta. "Ta shiga. Kada ki sauke, Inna, kada ki sauke!" Na ƙanƙame gorar, iska tana fizga, baburan kamar a gindin dutsen, ina ta tunanin ko sun ji ihuna. Wayar ta yi wani ɗan kuka, ta sake, ta sake. Rabi ta ce akwai baƙuwar lamba, saƙon murya ne, yana saukowa. Ina ce mata yi sauri, kamar ita ke jawo shi da igiya. Da ta ce ya sauka, na kwantar da gorar na kashe 'yar akwatin, na ja ta muka gangara wani lungu tsakanin dutsen da masara, muka kwanta a taɓo.

Baburan suka wuce ta ƙasa, kusa har muna jin warin hayaƙinsu. Har yau ban san ko su wane ne ba, kuma ban tambaya ba. Sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Rabi ta lulluɓe mu da mayafinta, ta sa wayar tsakanin kunnenta da nawa, ta danna.

"Rabi, ni ne." Muryar ta dushe, amma ko a tsakiyar kasuwa na ji ta na san ta. "Ina Zariya, a asibiti. Wayar wani bawan Allah ce. Sun tare mu, na faɗa daji, sun same ni a ƙafa, amma da sauƙi. Isiya dai sun tafi da shi. Ki gaya wa Baba kada ya biyo hanya. Ki ce wa Inna ta bar kuka. Na san ta, tana can tana ta yi wa mutane faɗa."

Ji ɗan banza. Yana kwance da harsashi a ƙafa, ni yake yi wa tsiya. Rabi ta sake dannawa muka sake ji. Ta kifa kai a kafaɗata tana kuka, ni kuma ruwan sama ya rufa mini asiri. Da ƙyar na kai ta gida, na tura wa Malam mutum Funtua. Kafin azahar ɗin washegari Rabi ta haifi 'ya mace. Isiya, karen motar, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba, kuma shi ma yana da uwa.

Magana ba ta ɓuya a ƙauye. Mata suka fara shigowa barka da wayoyin 'ya'yansu ƙulle a cikin zane, kowace da wanda take nema. Na zama mai ɗaukar gora. Mu fita kamar masu zuwa yankan rama, ɗaya ta tsaya gadi a bakin gona. Rabi ce ke sa wa kowace waya makulli a ɗakinta kafin mu tafi, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ni ma ba ta sake ɗaga mini maganar ba. In data ta ƙare a yi karo-karo, wannan mudun sabuwar masara, waccan ƙwai, a aika wa Mansur. Wasu sun sauko daga dutsen nan suna danne guɗa, wasu riƙo su muka yi. Duk hawan da na yi masa, ina waige-waige na yi shi.

Ana karyar masara yaron nan ya dawo, da sanda, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Tuƙi kuwa ya ƙare, ƙafar ba ta iya taka birki. Gida ya cika da 'yan sannu. Ya lallaɓo ƙofar ɗakina ya durƙusa da ƙyar ya gaishe ni. Na ce, "An dawo?" ina ci gaba da tankaɗe. Ya ce an dawo. Na ce to madalla, a ba shi ruwa.

Sabis bai dawo ba tukuna. Bayan ya huta, rannan yana zaune a tsakar gida da 'yarsa a cinya, ya ce yana so ya hau dutsen ya aika wa mutumin da ya ara masa waya godiya. Rabi ta kawo masa 'yar akwatin. Ya jujjuya ta, ya ce lallai Inna an waye. Ya ciro wata tsohuwar waya da aka ba shi a Zariya, ya kunna.

"Mene ne makullin?"

Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya dube ta, ya dube ni.

"Wai mi ne ne? Ko ba a gaya wa baƙo?"

Na ce, "Miƙa wa matarka ta sa maka. Mutum ya dawo da ƙafa ɗaya amma bai bar surutu ba."

Na kakkaɓe zanena na shige ɗaki, na saki labule. Ina jin su a waje, yana tambaya tana dariya. Na zauna a bakin gado, na faɗe shi a hankali yadda ba mai ji, sau biyu, na kasa kunne. Ba abin da ya faru. Yana nan tsakar gida yana yi wa 'yarsa wasa.